Biba, Dabbar da Malafa Ta Kusa Ƙarewa

A ƙasashen sanyi na Turai da Amurka ta Arewa akwai wata dabbar ruwa wadda Turawa ke kira biba. Ta yi kama da gafiya, amma ta fi ta girma nesa, gama babba takan kai nauyin kilo 20. Da haƙoranta take ka da itatuwa, ta haɗa rassa da taɓo ta tare rafi, kana ta gina ɗakinta cikin tafkin da ya taru. Tafkin nan yakan riƙe ruwa lokacin fari, ya karya ƙarfin ambaliya, kifaye da tsuntsaye kuma su sami mazauni.

Gashinta mai laushi shi ya jawo mata masifa, domin da shi ake yi wa manyan Turai malafa. Da ta yi ƙaranci a Turai, sai fatake suka nufi Kanada. A shekarar 1670 Sarkin Ingila, Charles na Biyu, ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin cinikin fatu a can, har fatar biba ta zama ita ce ma'aunin kuɗin bindiga da bargo.

Wajen shekarar 1900, waɗanda suka ragu a Turai da Asiya duka ba su fi kamar 1,200 ba. Hukumomi suka tsananta dokar hana farautarta. A 1922 aka ɗauko waɗansu daga Norwe aka sake su a Suwidin, inda dā suka ƙare sarai. A 2009 aka mai da su Sikotilan. Yanzu a Turai sun haura miliyan ɗaya, suna ta tare rafuka kamar dā.