Busasshen Reshe da Ɗanyen Itace: Tarihin Yin Itace a Ƙasar Tamale

Kakanninmu da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, da waɗanda suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina, sun iske Tamale tarin ƙauyukan Dagomba ne. Da Turawan Ingila suka mai da hedikwatar Arewa nan daga Gambaga a 1907, gari ya fara cika, zango ya kafu. To, baƙo yana iya zuwa da hajarsa da allonsa, amma ba ya zuwa da daji. Wutar da za a dafa tuwon dare, daga ƙasar masu masauki za ta fito.

Dajin kuwa yana da masu shi. A al'adar Dagomba, tindana shi ne mai kula da hurumin ƙasa, sarakuna kuma su ke da iko da filaye. Ɗorawa har sarki gare ta, Dohi Naa, mai lura da ita da 'ya'yanta. Kaɗanya ba a sare ta tana ɗanya, domin ita ce tukunyar man mata. Akwai kuma kurmin tsafi irin na Malshegu, arewa da gari, wanda ba a shiga don neman itace. Abin da ya rage wa kowa, ɗan gari da baƙo, shi ne abin da ya bushe ya faɗi da kansa. Wannan iyaka tsakanin busasshe da ɗanye ita ta ba mu wuta shekara da shekaru ba tare da mun saɓa da maƙwabta ba.

Aikin na mata ne da yara. Da sanyin safiya ake fita da igiya da gammo, a dawo kafin rana ta take. Gwanar itace ta san marke ya fi daɗewa yana ci, ƙirya ta maƙera ce saboda gawayinta, kuka kuwa ba ta wuta. Da kaka a tara karan dawa da na masara, da rani a jibge itace a bayan ɗaki kafin damina ta jiƙa daji. A gidajen da mata ba sa fita, daga hannun matan ƙauye ake sayen dami, har ciniki ya zama zumunci, harshe ya shiga harshe. Almajirai ma da rabonsu: kowa ya kawo ƙirarensa, a hura wutar karatun dare a tsakar makaranta. Malamanmu kuwa sun sha tunatar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya fifita mai ɗaukar igiya ya yi itace ya sayar a kan mai roƙo.

Turawa sun lura da wuri cewa dajin kusa ba zai ɗauki gari mai girma ba. A zamanin Gwamna Guggisberg, 1919 zuwa 1927, aka shigo da darbejiya daga Indiya, aka kuma kafa dokar gandun daji a 1927. Daga baya aka keɓe gandun itacen wuta a gefen Tamale. Tun daga nan aka sami sabon mai iko da itace bayan tindana da sarki, wato ma'aikacin gandun daji da takardarsa.

Shekarar 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, har gwamnati ta kafa doka a kan ƙona daji, ta sabunta ta a 1990. A daidai wannan lokaci aka fara kwaɗaitar da mutane girki da gas. Amma tukunyar koko da kaskon ƙosai, da masu turara shinkafa da masu man kaɗe, har yau itace suke ci, domin gas ya fi ƙarfin ribarsu.

Dubi Gumani a yau. Inda iyayenmu suka san gonaki da saura, yanzu fulotai ne da katangu. Tafiyar da yarinya ke yi ta dawo kafin hantsi ta zama ta babur mai ƙafa uku, buhunan gawayi kuma daga wajen Buipe da Damongo motoci ke kawo su. Da busasshe ya yi wuya, sai gatari ya koma kan ɗanye: wasu kan zagaye gindin itace da sara ko su sa masa wuta, su dawo bayan watanni su ce da kansa ya mutu. Haka kaɗanya, wadda kan shekara sha biyar ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, ke zama gawayin mako guda. Wanda ya fara ji a jikinsa shi ne gwauruwar da ba ta da kuɗin buhu, wadda a da daji ke rufa mata asiri.

Mu mazauna zango yawancinmu masu saye ne, mai saye kuwa yana da baki. Muna iya tambayar mai gawayi irin itacen da ya ƙona, mu ƙi na kaɗanya da ɗorawa. Muna iya dasa darbejiya a harabar masallatai da makarantunmu, mu riƙa sassabe rassanta, kamar yadda ake kira ga dashe kowace shekara tun 2021. Masu masaukinmu sun bar mana busasshe bisa amanar ba za mu taɓa ɗanye ba, kuma amanar tana wuyanmu ko da hannun wani ne ya riƙe gatarin. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.