Bori a Maraɗi da Tibiri

Bori tsohuwar hanya ce ta fassara halin mutumin da wata murya ke magana da bakinsa, daga baya ya farfaɗo bai san abin da ya faɗa ba. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, Katsinawa suka kafa sarauta a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Duk fadojin biyu sun riƙe bori ƙarƙashin mace ƴar sarauta: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri.

Wanda ciwo ya ƙi ji da magani akan yi masa girka. A keɓe shi kwanaki, ana ba shi saiwoyi da turare, ana goge da kiɗan ƙwarya, har iskar da ta kama shi ta bayyana sunanta, ko Doguwa ko Sarkin Rafi. Ba a korarta; sulhu ake yi, mutumin ya zama dokinta, ya kuma samu ƴan'uwan da ba sa kiransa mahaukaci. Idan za ta sauka, sai ya yi atishawa.

Malamai sun daɗe suna ƙyamar bori, yau masu neman magani da dama sun koma ga ruƙiyya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun bambanta hawan bori na al'ada da ciwon rarrabuwar ɗabi'a, wanda ke zuwa ba da son mutum ba, tare da mantuwa mai tsanani. Galibi tushen wannan ciwo azabar da aka sha tun yarinta, maganinsa kuma doguwar tattaunawa da ƙwararre.