Barikin Garwa da Yadda Aka Yi Ta Sake Zanen Sojan Kamaru

Da na sa kaki, Ahmadu Ahijo ne ke mulki, ɗan garinmu Garwa, ministan soja kuma Sadu Dawudu na Gaundare, wanda ya riƙe kujerar daga 1961 har 1980. Rundunar kanta yarinya ce. A Nuwambar 1959 aka kafa ta, saura makonni a samu 'yancin kai, Faransawa ne suka tsara ta, kuma janar ɗaya tak muke da shi, Pierre Semengue. Mu kurataye, sunansa kawai muke ji.

Ranar 6 ga Afrilun 1984 ta sauya komai. Dakarun tsaron fada, yawancinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Paul Biya, aka murƙushe su, aka rushe rundunarsu, aka kafa sabuwa. Ina tuna wurin cin abinci a makonnin da suka biyo baya. Mutanen da muka saba hira da Fulatanci da Hausa muna cin tuwo, sai kowa ya koma Faransanci, murya ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ba da umarni. Tsoro ne ya bayar. Har yau ministan tsaro wakili ne a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, ba mai cin gashin kansa ba.

Sai zamanin zargina, masu tare hanya. A shekarun 1990, ɗan kasuwa ba ya tashi daga Garwa zuwa Marwa sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka. Jandarmomi suka gaza, mu ma muka gaza, gaskiya ɗaya ce. A 1999 aka kafa wata bataliya ta musamman, wadda ta zama BIR a 2001, wani tsohon kanar na Isra'ila, Avi Sivan, ya horar da ita. Sun share hanya, wannan ba gardama. Amma su fada suke yi wa biyayya kai tsaye, ba babban hafsan soja ba. Ka tsaya a shinge da tsohuwar bindigarka, motarsu ta wuce sabuwa fil, ba ko gaisuwa. Daga nan soja ya zama gida biyu.

A Yulin 2001 aka raba ƙasar shiyya uku ta soja: Yawunde, Duwala, sai Garwa, wadda aka ɗora wa Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa gaba ɗaya, har bakin Tafkin Chadi. Kaya ya yi wa kai yawa, amma ba a gane ba sai da Boko Haram suka afka wa garin Kolofata a Yulin 2014. Wata guda bayan haka aka yanke Marwa ta zama shiyya ta huɗu. Bamenda ta zama ta biyar a 2018, ita ma bayan wuta ta riga ta kama. A 2015 kuwa Amurkawa kusan 300 suka sauka a sansanin jiragen yaƙi na Garwa da jiragensu marasa matuƙi.

Ina fansho yanzu. Yaran unguwa masu son shiga soja sukan zo neman shawara, ni kuwa tambaya ɗaya nake musu: wanne daga cikin gidajen biyu? Kusan dukkansu BIR suke cewa.