Adaka da Sabon Maharbi: Wani Ɓangare na Tarihin Harbi a Ƙasar Kano

Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta ta gayya ce, da karnuka da gora da ganga. Harbi kuwa sana'ar mutum guda ce, wanda yake shiga daji shi kaɗai, a da can da kwari da baka, daga bisani da bindigar nan ta ɗuri da ake kira adaka, ko bindigar toka, wadda masu barkwanci suka laƙaba wa suna harbi-ka-ruga.

Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Kumbari (1731-1743) aka shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Amma kayan sarauta ne. Kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta ƙuntata sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu ta ƙanƙara. Sa'an nan a ƙarni na 20 maƙeran gida suka shiga ƙera ta da bututun famfo ko na sitiyarin mota. A nan ne ta zama ta talaka.

Sai dai kuskure ne a ɗauka ta sauƙaƙa wa mai koyo aiki. Da fari ga ɗuri: a zuba albarushi ta baki, a danna da tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa da sanda. Ma'aunin kuwa yatsu ne, wato a dubi tsawon da sandar ta rage a waje. In ya gaza, harsashi ba ya kai wa nama. In ya zarce, bututun da ba don wuta aka yi shi ba sai ya tsage a hannun mai shi. Sabon shiga, saboda zumuɗi, ga zarcewa ya fi karkata. Da damina albarushi ya sha raɓa, a ja kunama ta ƙi tashi, ko kuma, abin da ya fi haɗari, ta yi jinkiri har mutum ya sauke ta daga kafaɗa sa'an nan ta tashi.

Babbar matsalar ita ce harbi ɗaya ne. Cikin bututun adaka sumul yake, ba shi da murɗin da ke daidaita harsashi, saboda haka ba ta da saiti daga nesa. Barewa kuwa dabbar fili ce mai ido da hanci. Gada ta shige kurmi tun kafin hayaƙi ya washe. Dole maharbi ya matso kamar yadda mai baka yake matsowa: ya san sawu, ya san mashaya, ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, wani lokaci har da burtu a ka yana sunkuyo. Ke nan adaka ba ta kawar da ilmin baka ba, ta gaje shi ne ɗungum, kuma ba mamaki da har aka shiga zamanin bindiga shugaban maharba yana amsa sunan Sarkin Baka. Wannan ne ya sa yaro kan daɗe yana ɗaukar wa ubangidansa jaka da gora kafin a miƙa masa bindiga.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wahalar ta sake kama. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku ƙauyuka ne da gonaki a wajen ganuwa, ta hanyar Zariya, kafin birni ya haɗiye su. Da gonaki suka koma gidaje, yaron Unguwa Uku da ya gaji harbi sai ya hau mota a tasharsu kafin ya ga sawun gada. Dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150, wanda aka keɓe tun shekarun 1940, an mai da shi gandun namun daji a 1969. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba da damar wajabta lasisi ko ga adaka, dokar namun daji ta Arewa ta 1963 kuma ta iyakance abin da za a harba.

Nisan ya kai maharban Kano har dazuzzukan kudu, inda ba a san su ba, ba a kuma san Sarkin Bakansu ba. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare wata mota, aka ga adaka a cikin kaya, aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano da ke kan hanyar komawa gida yin Sallah, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne.