Tsamin dangantakar Sin da Japan: Asali da abubuwan da ke rura wutar

Sin ce babbar abokiyar cinikin Japan, kuma ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗar jakadanci tun a watan Satumban 1972. Sai dai zaman nasu ya fi kama da na doya da manja. Tarihin yaƙi, taƙaddamar tsibirai, batun Taiwan da zazzafan kishin ƙasa a intanet su ne tushen saɓanin.

Tabon tarihi

A ranar 18 ga Satumban 1931 sojojin Japan suka fake da fashewar da aka yi a kan layin dogo kusa da Mukden, wato Shenyang ta yanzu, suka mamaye yankin Manchuria. A watan Disambar 1937 kuma suka kama birnin Nanjing, inda gwamnatin Sin ke cewa an kashe mutum 300,000. Tun 2014 Sin ta ware 13 ga Disamba domin juyayin waɗanda aka kashe.

Tsibirai da ruwan Fukushima

Ƙasashen biyu na iƙirarin mallakar wasu ƙananan tsibirai a Tekun Gabashin Sin, waɗanda Japan ke kira Senkaku, Sin kuma Diaoyu. Da gwamnatin Japan ta sayi uku daga cikinsu a Satumban 2012, zanga-zanga ta ɓarke a biranen Sin da dama, aka farfasa shaguna da motoci ƙirar Japan.

A ranar 24 ga Agustan 2023 Japan ta fara sakin ruwan da aka tace daga tashar nukiliya ta Fukushima zuwa cikin teku. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ce shirin ya dace da ƙa'idojin kare lafiya, amma a ranar Sin ta haramta shigar da kifi da sauran abincin teku daga Japan. Jama'a a wasu biranen Sin suka yi ta rububin sayen gishiri, yayin da shaguna da ofisoshi a Japan suka koka da kiraye-kirayen tsangwama daga lambobin wayar Sin.

Hare-haren Suzhou da Shenzhen

A watan Yunin 2024 wani mutum ya far wa wata 'yar Japan da ɗanta da wuƙa a tashar motar makaranta a Suzhou. Wata 'yar Sin mai rakiyar yaran ta tare shi, ta rasu sakamakon raunukan da ta samu, hukumomin birnin kuma suka karrama ta a matsayin jaruma. Bayan haka kamfanoni irin su Tencent da Weibo suka sanar da goge rubuce-rubucen ƙiyayya ga Japanawa.

A ranar 18 ga Satumban shekarar, wadda ta zo daidai da ranar tunawa da mamayar 1931, aka daɓa wa wani yaro ɗan shekara 10 wuƙa a hanyarsa ta zuwa makarantar Japanawa a Shenzhen, ya rasu washegari. Beijing ta ce tsautsayi ne da ka iya aukuwa a kowace ƙasa, Tokyo kuwa ta nemi cikakken bayani da tsaron 'yan ƙasarta. A cikin Sin muhawara ta kaure kan ko kalaman ƙiyayya a intanet na da hannu. An yanke wa maharan biyu hukuncin kisa a Janairun 2025.

Batun Taiwan

Sin na ɗaukar Taiwan a matsayin yankinta, kuma ba ta kawar da yiwuwar amfani da ƙarfi ba. A ranar 7 ga Nuwamban 2025 Firaministar Japan, Sanae Takaichi, ta shaida wa majalisa cewa hari a kan Taiwan zai iya zama barazana ga wanzuwar Japan, yanayin da dokokin tsaro na 2015 suka ba sojojinta damar tallafa wa ƙawayenta. Beijing ta buƙaci ta janye kalaman, ta ƙi. Daga nan Sin ta shawarci 'yan ƙasarta su guji tafiya Japan, ta kuma sake dakatar da sayen abincin tekun da ta sassauta haramcinsa a Yunin 2025.