Asalin Labarin Kisan Kai na Ƙauye

Mutanen Ingila suna da wani irin littafin hira da suke so ƙwarai. Za a nuna maka ƙauye mai coci ɗaya da likita ɗaya, kowa ya san kowa, sai a wayi gari an tsinci gawa. Ba a cika zancen jini a ciki ba, kuma ba harbe-harbe. Aikin mai karatu shi ne ya bi zance a hankali, ko ya gano mai laifi kafin a faɗa masa a babin ƙarshe. To, ga yadda abin ya samo asali.

A shekarar 1860, a wani ƙauye da ake kira Road, wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Kent ya wayi gari ba a ga ɗansa ɗan shekara 3 ba. Aka yi ta nema, har aka same shi a masai, an yanka shi. Alamu duk suka nuna na gida ne ya yi. 'Yan sandan yankin suka rasa ta cewa, sai aka aiko da wani gwanin bincike daga Landan, sunansa Jonathan Whicher. Da ya bi lissafin kayan wanki, sai ya ga rigar barci ɗaya ta ɓace, ta Constance, 'yar shekara 16, wadda suke uba ɗaya da yaron. Uwarta ta rasu, uban ya auri mai renonsu, ita ce ta haifi yaron. Whicher ya ce Constance ce. Jama'a suka yi ca a kansa, wai ɗan talaka ya ɓata sunan 'yar manya. Aka sake ta, shi kuwa ya koma da kunya. Sai a 1865 ta fito da bakinta ta ce ita ta yi.

Kafin nan kuwa ƙasa duk ta ɗauka. Jaridu suna ta bugawa, mutane suna ta aiko da wasiƙu, kowa da wanda yake zargi. Marubuta suka lura ashe jama'a suna son a ba su ƙulli su kwance da kansu. A 1868 Wilkie Collins ya fitar da The Moonstone, ya sa mai bincike irin Whicher a ciki, har da rigar barcin. A 1887 wani mai binciken na cikin littafi, Sherlock Holmes, ya bayyana, amma shi mutumin birni ne.

Wadda ta zaunar da abin a ƙauye ita ce Agatha Christie, haifaffiyar 1890. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin haɗa magani a asibitin garinsu, Torquay, can ta san guba iri-iri. A 1927 ta ƙirƙiro wata tsohuwa, Miss Marple, wadda ba ta taɓa aure ba, ba ta da aiki sai saƙa da gyaran lambu. A 1930 ta ba ta littafi guda, The Murder at the Vicarage, inda aka harbe wani kanar da ba mai ƙaunarsa a ɗakin karatun limamin cocin ƙauyensu, St Mary Mead. Dabarar tsohuwar ɗaya ce: duk wanda ta gani sai ta tuna wani ɗan ƙauyensu mai irin halinsa, ta san abin da zai iya aikatawa. 'Yan sanda suna raina ta, ita kuwa tana riga su ganewa. Littafi 12 aka yi da ita.

Mutumin ƙasar Dawakin Tofa ba zai yi mamakin wannan ba. Daga Dawanau zuwa Tumfafi zuwa Kwa, gona na jikin gona, gida na jikin gida, baƙon sawu ba ya ɓuya. In aka kwance akuya da dare, kafin mai unguwa ya kai magana ga dagaci, mata sun riga sun san gidan da aka ji ƙamshin miya. Ai da ɗan gari akan ci gari. A ganina ma tsohuwarmu ta fi tasu dama, domin ɗan sanda iyakarsa zaure, ita kuwa dillaliya ko ungozoma har ƙuryar ɗaki take shiga, ta san wadda ta sayar da kwanukanta a ɓoye, ta san 'yan uban da ba sa ga maciji saboda gonar gado.

Tun wajen shekarun 1980 marubutan Kano suke cika kasuwa da littattafan soyayya, sun kuwa yi ƙoƙari. Ina roƙon wani cikinsu, musamman mata da suka san cikin gida, ya ɗauko mana irin wannan tsohuwa, ya zaunar da ita a ƙauyen Dawakin Tofa, ya ba ta ƙullin da zai gagari hakimi da 'yan sanda.