Daga Ƙofar Wambai zuwa YouTube: faifan CD ya mutu ne?

Makon jiya na kai kundin digirina na biyu sashenmu, sai aka ce kwafin takarda kaɗai bai isa ba, dole in haɗa da kwafi a faifan CD. Laftof ɗina ko ramin saka faifai ba ta da shi. Na zagaya shagunan kwamfuta a nan Kwali, da ƙyar na samu wani dattijo mai tsohuwar kwamfuta da manhajar Nero a kanta. Ina tsaye yana ɗora min aikin, sai tarihin abin ya dawo min.

Fim ɗin da aka fi ɗauka a matsayin mafarin Kannywood, Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, ya fito a 1990 a kaset ɗin bidiyo. A kaset ɗin ne Sangaya ya karaɗe Arewa a ƙarshen shekarun 1990. Bayan shekarar 2000 faifan CD ya ture kaset, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta ci gaba da zama cibiyar dillalai, daga can ake lodin finafinai zuwa Zariya, Sakkwato har Maraɗi. Nero kuwa, da wani kamfanin Jamus ya fitar a 1997, ta sa duk mai kwamfuta zai iya kwafar faifai a ɗakinsa. Sauƙin da ya yaɗa fim shi ne ya buɗe ƙofar satar fasaha, furodusa ya kashe kuɗi wani ya kwashe riba.

Daga baya masu tura finafinai a waya suka kafa tebura a bakin titi, memori ya maye gurbin faifai. Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan a 2020 Izzar So ya nuna cewa YouTube ma kasuwa ce. Ko Netflix, da ta faro da aika faifan DVD ta gidan waya a Amurka, ta rufe wannan sashen a 2023.

To ke nan an gama da faifai? Don kallo, e, an gama. Amma don ajiya da saura. Abin da kake kallo a intanet aro ne: ranar da aka rufe tashar, ko data ta ƙare, shi ke nan. Gwada neman wani tsohon fim da ka kalla kana yaro, ka ga ko za ka same shi cikakke. Da yawa suna kan kaset da faifai ne kawai, a kwali ƙarƙashin gado, zafi da ƙura suna cinye su. Da irin wannan manhajar ake ciro abin da ke kan faifan kafin ya lalace.

Ni kaina na ɗanɗana. Hirarrakin da na naɗa da tsofaffin mata masu ginin tukwane a garin Ladi Kwali duk a waya suke, aka sace ta a mota. Ɗaya daga cikinsu ta rasu bayan nan, Allah Ya jiƙanta. Muryarta ta tafi ke nan.

Faifan CD megabait 700 kawai yake ɗauka, kuma shi ma yana karcewa. Don haka ku ajiye aikinku wuri uku: laftof, intanet, da faifai ko filash. In akwai tsofaffin faifai a gidanku, ku kwafe su wannan hutun. Wane fim ne kuka nema kuka rasa?